Tauraron da ke ta dawowa a littattafan marubuci: shi ne marubucin, ko wani ne daban?

Baban Ummi, Idi-Araba

Assalamu alaikum 'yan zaure. Da muka kammala karatun Ruwan Bagaja, wata tambaya ta taso wadda lokaci bai ba mu damar bi ta kanta ba, wato ko Alhaji Imam na cikin littafin shi ne Abubakar Imam da ya rubuta shi. Ina so mu faɗaɗa ta, domin akwai marubuta da dama a duniya da suka ƙirƙiri tauraro guda, suka ba shi sana'arsu da garinsu da shekarunsu, wani lokaci har da ciwon da ke damunsu, sa'annan suka riƙa dawo da shi littafi bayan littafi, har masu karatu suka daina rarrabe su. Ba sunan aro nake nufi ba, irin wanda 'yan jaridar nan Legas suka yi amfani da shi a da, kamar yadda Peter Enahoro yake sa hannu da Peter Pan a Daily Times, domin wannan suna ne kawai aka sauya. Ina nufin cikakken mutum na cikin labari, mai iyaye da iyali da bashi a wuyansa, wanda kowa ya san wakilin marubucin ne. Me ke sa marubuci ya bi wannan hanya maimakon ya rubuta tarihin rayuwarsa kai tsaye? Kuma mai karatu yana da hurumin ɗora wa marubucin abin da tauraron ya faɗa ko ya aikata?

Alhaji na Mile 12

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ba manazarci ba, amma rabin farko na tambayarka ba shi da wuyar amsawa a wurina. Tsoro ne. Mutum yana da maganar da yake son faɗa a kan mahaifinsa ko matarsa ko maigidansa, ba shi da ƙarfin halin tsayawa da sunansa ya faɗe ta, sai ya ƙirƙiri wani ya sa masa ita a baki, in an taso masa ya ce ai ƙagaggen labari ne. Fakewa da guzuma ne a harbi karsana. Idan abin da ya rubuta gaskiya ne, ya sa sunansa ya rungumi abin da zai biyo baya. Idan kuwa ƙirƙira ce, me ya kai shi ba tauraron kamanninsa har da unguwar da aka haife shi?

Malam na Zangon Agege

Alhaji, a gafarce ni, abin ya wuce tsoro, kuma ya girmi littattafan boko da ɗaruruwan shekaru. Duk wanda ya yi nisa a karatun zaure ya san Muƙamatul Hariri, wanda malamanmu suke karantarwa domin lugga. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122 miladiyya, kuma muƙamomi hamsin ya bari, dukkansu a kan mutum biyu. Mai ba da labari, Harisu ɗan Hammam, zai sauka a wani gari ya tarar da wani dattijo ya tara jama'a da fasahar harshe, yau yana wa'azi har ana kuka, gobe ya zama makaho, jibi ya ja ɗansa gaban alƙali da ƙarar ƙarya domin alƙalin ya tausaya musu ya ba su kuɗi. Sai an watse Harisu zai gane cewa ai Abu Zaidi ne mutumin Saruj, ya yi masa faɗa, shi kuma ya ba shi amsa da baitoci ya kama gabansa, sai kuma sun sake haɗuwa a wani garin.

Malaman tarihi irin su Ibn Khallikan sun ruwaito cewa da Harisu kansa Hariri yake nufi. Na yarda, amma ina da ƙari. Duk fasahar da ta sa littafin ya kai mu yau a bakin Abu Zaidi take, ba a bakin Harisu ba. A fahimtata Hariri raba kansa ya yi biyu, ya bar kamun kai da nasiha ga ɗaya, ya ba ɗayan jin daɗin magana da wayo da abin da mutum mai daraja a Basra ba zai iya furtawa a bainar jama'a ba, kuma sai a muƙama ta hamsin ya bar Abu Zaidi ya tuba. Wanda ya karanta wannan ya dawo kan Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yadda suke haɗuwa gari bayan gari kowa yana rama abin da aka yi masa, zai ga inda ruwan ya gangaro. Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Katsina, lokacin da ya shiga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da Ruwan Bagaja. Ba na jin tsoron wani ne ya sa ya ba tauraronsa sunansa, wasa ne na mai jin ƙuruciyar alƙalami.

Ɗalibar Adabi, Akoka

Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Baba Alhaji, ina da misali da nake ganin ya saɓa wa batun tsoro, kodayake zai ba ka makami ta wani gefen. Philip Roth marubuci ne Ba'amurke Bayahude, an haife shi a Newark a 1933. Ya ƙirƙiri Nathan Zuckerman, shi ma marubuci Bayahude ɗan Newark haifaffen 1933, ya yi littattafai tara da shi daga 1979 zuwa 2007. A 1969 Roth ya fitar da littafin da ya yi masa suna da kuɗi, ya kuma ja masa fushin da yawa daga cikin mutanensa, waɗanda suka ce ya tona musu asiri a gaban baƙi. Sai ya ba Zuckerman irin wannan littafi da irin wannan fushi. Amma a labarin ya ƙara abin da bai faru ba: mahaifin Zuckerman ya mutu kalmarsa ta ƙarshe zagi ce ga ɗansa, ƙaninsa kuma ya ɗora masa alhakin mutuwar. Mahaifin Roth na gaskiya kuwa mai alfahari da ɗansa ne, ya rayu har 1989, Roth ya yi jinyarsa, ya kuma rubuta labarin jinyar da sunansa na yanka a 1991.

Ke nan tauraron ba kwafin rayuwa ba ne. Wuri ne da marubuci yake gwada abin da yake fargaba, ya bi shi har ƙarshensa ya ga yadda zai kasance. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne littafin tarihin rayuwarsa na 1988. Roth ya buɗe shi da wasiƙa zuwa ga Zuckerman yana neman shawara, ya rufe shi da amsar Zuckerman, inda tauraron ya ce kada a buga littafin, domin Roth ya wanke kansa da yawa a ciki, ya yi ladabin da ya kashe gaskiyar, kuma ya fi faɗin gaskiya idan yana rubutu a kan Zuckerman. Matsoraci ba ya ƙirƙirar wanda zai ƙaryata shi a cikin littafinsa.

Alhaji na Mile 12

'Yata, kin yi bayani mai kyau, amma kin tsallake wani mutum. Maƙwabcin da ya karanta cewa uban ya zagi ɗansa a gadon mutuwa, wa zai kalla da wannan ido in ya haɗu da dattijon a hanya? Ɗan ya samu wurin gwada fargabarsa, uban kuma ya samu sunan da bai ji ba bai gani ba.

Maman Sadiq, Obalende

Alhaji ya taɓa inda ke mini ƙaiƙayi, don haka bari in sa baki a matsayin wadda take cikin abin. Da yawa a nan sun san ina rubuta labarai ina sakawa shafi-shafi a WhatsApp da Facebook, kuma akwai wata tela mai suna Anti Laure da take fitowa a kusan dukkansu, wani lokaci ita ce tauraruwa, wani lokaci kawai ana zuwa shagonta a karɓi ɗinki. Ni tela ce, ita ma tela ce; an kawo ta aure Legas daga Arewa, ni ma haka. Na fara ta ne domin na rasa bakin da zan yi magana a kan zaman haya a nan, ɗaki ɗaya da falo, bayan gida na tarayya, layin ruwa da asuba, da baƙin da ke sauka daga gida ba sanarwa su yi wata uku suna jiran aiki. Da na rubuta da sunana da an ce ina gorin ciyarwa. Da Laure ta faɗa, sai mata suka riƙa turo mini saƙo cewa gidansu na leƙa.

Matsalar ta zo ne da na ba Laure uwar miji mai ƙirga yankan nama a tukunya, wadda take buɗe murfi da ludayi a hannu kafin a sauke, ta ƙirga, ta dawo bayan an raba ta sake ƙirgawa. Wannan hali a wurin wata mai ɗinki a shagona na ji shi, ba a gidanmu ba. Amma wata daga dangin maigidana ta karanta, ta kira waya Arewa, kafin la'asar maganar ta isa kunnen tsohuwa, wadda tun da nake da ita ba ta taɓa ɗaga murfin tukunyata ba. Na yi rantsuwa, an yi mini uzuri a baki, amma har yau in na kira ta gaisuwar gajeruwa ce. Saboda haka ina jin abin da ƙanwata ta Akoka take faɗa, ina kuma jin na Alhaji a jikina. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tsoro ne ya haifi Laure. Ta fi ni baki, ta fi ni rashin haƙuri, ta taɓa barin gidan mijinta ta kwana a shago, abin da ban taɓa yi ba kuma ba na fatan yi.

Ɗalibar Adabi, Akoka

Anti, akwai wadda ta riga ki a wannan gari. Buchi Emecheta a Legas aka haife ta a 1944, ta yi makarantar 'yan mata ta Methodist a Yaba, aka yi mata aure tana shekara 16, ta bi mijinta Landan a 1962, ta haifi 'ya'ya biyar, auren ya mutu tana da shekara 22. Tauraruwarta Adah ta fito a littattafanta biyu na farko, na 1972 da na 1974, kuma kusan taku ɗaya suke yi da ita. A littafin na biyu mijin Adah ya ƙona rubutun littafinta na farko, kuma Emecheta ta tabbatar a tarihin rayuwarta na 1986 cewa haka mijinta ya yi mata, sai da ta sake rubuta littafin aka buga shi a 1976. A nan tazarar da ke tsakanin marubuciya da tauraruwa siririya ce ƙwarai, ba kamar ta Roth ba. Duk da haka ina ganin sunan Adah ya yi aiki, domin ya ba ta damar kallon yarinyar daga waje, ta nuna wautarta da burinta na zuwa Ingila ba tare da ta tsaya kare kanta a kowane shafi ba.

Tsohon Soja, Ojo

Ku ba ni wuri in kawo wanda ba a takarda yake ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, soja ne na gaske, kuma shi ne Samanja Mazan Fama da muka saurara a rediyon Kaduna muka kuma kalla a talabijin shekara da shekaru. Hausar bariki da yake yi, da tsawa, da gauraya Turanci, da yadda yake rikicewa in ya koma gida gaban iyali, duk mun san su domin da irinsu muka zauna. Mutane sun manta sunansa na yanka, ko'ina Samanja ake kiransa. Amma mu da muka sa kaki mun san ba kansa kaɗai yake nunawa ba, samanjoji da yawa ya tara a jiki ɗaya, ya yi mana dariya da kanmu ta hanyar da farar hula ba zai yi ba a zauna lafiya. An karɓa daga gare shi ne domin ɗan gida ne, kuma domin shi ne farkon wanda dariyar take faɗa wa.

Baban Ummi, Idi-Araba

Yallaɓai, jimlarka ta ƙarshe ita ce ma'aunin da nake amfani da shi. In na ga wakilin marubuci a labari, abin da nake dubawa shi ne ko marubucin yana barin a ci shi, a yi masa dariya, ya yi kuskure a gardama. Agatha Christie ta ƙirƙiri Ariadne Oliver, mai rubuta labaran binciken kisa kamar ita, mai cin tuffa ba ƙaƙƙautawa, wadda ta gaji da jami'in bincikenta ɗan ƙasar Finland, tana ƙorafin cewa ba ta san komai a kan ƙasar ba kuma masu karatu suna ta aiko mata da gyara. Kowa ya san da Poirot ɗan Beljiyam, jami'in binciken da ke cikin nata littattafan, Christie take, wanda ita ma ya ishe ta amma kasuwa ta hana ta rabuwa da shi. Kurt Vonnegut, marubuci Ba'amurke, kuma ya yi Kilgore Trout, tsohon marubuci matalauci mai dabaru masu kyau da rubutu maras kyau, wanda labaransa ba sa samun wuri sai a mujallun batsa a matsayin cikon shafi. Ya fito da shi a 1965, ya riƙa dawo da shi har 1997, kuma a littafin 1973 marubucin da kansa ya shiga labarin ya tare Trout a hanya ya shaida masa cewa shi ya ƙirƙire shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan biyu da aka yi domin a yabi mai shi.

Kishiyar wannan ita ce ta cika wayoyinmu yanzu. Tauraruwa kyakkyawa mai haƙuri mai addini, kowa yana zaluntarta, kishiya muguwa, dangin miji mugaye, a ƙarshe duk su zo durƙushe suna neman gafara, kuma labari na gaba a sauya mata suna a maimaita. A irin wannan ne nake goyon bayan Alhaji ɗari bisa ɗari, domin ramuwar gayya ce aka sa wa rigar adabi.

Game da Imam kuwa, ni a wurina wakilinsa na gaskiya ba Alhaji Imam ba ne, akun Magana Jari Ce ne. Tsuntsu ne da ba shi da gado ba shi da takobi, ya kwaso labarai daga Gabas da Yamma ya zuba su cikin Hausa, ya tsare ɗan sarki da su, ya zama waziri da bakinsa, a littafi na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar. Wannan ya fi kama da malamin da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 fiye da matafiyin da ke neman ruwan magani.

Malam na Zangon Agege

Malam, batun aku ya shige ni. Amma ina so in koma kan damuwar Alhaji, domin tana da asali a shari'a, kuma bai kamata mu bar Maman Sadiq da rantsuwa kawai ba. Suratul Hujurati, aya ta 12, ta hana giba, kuma Imam Gazali ya yi bayani a Ihya'u cewa giba ba ta tsaya ga harshe ba, tana shiga da nuni da kwaikwayo da rubutu, matuƙar mai sauraro zai gane wanda ake nufi. Sauya suna ba ya wanke marubuci idan ya bar alamomin da za su kai mutane ƙofar gidan wani. Marubuci yana da iko a kan sirrinsa, in ya ga dama ya ba tauraronsa, amma sirrin matarsa da surukarsa ba nasa ba ne.

A ɗaya gefen kuma ayar da ta hana giba ita ce ta fara da hana yawan zato da bin diddigi. Wadda ta karanta labari ta yanke cewa tsohuwa kaza ake nufi, ta ɗauki waya ta kai, ita ma tana da nata kason, wataƙila ma mafi girma. Shawarata gare ki, 'yar'uwa, ita ce tunda kin ba Laure sana'arki da garinki, to duk wanda kika ajiye kusa da ita a matsayin miji ko uwar miji sai kin nisanta shi da naki nisa bayyananne, ko kuma ki ba wata tauraruwar daban wannan uwar mijin.

Ɗalibar Adabi, Akoka

Gaskiya ta sa in kawo misalin da ya fi ƙarfafa Baba Alhaji. J. M. Coetzee, ɗan Afirka ta Kudu da ya ci kyautar Nobel a 2003, an gayyace shi Jami'ar Princeton a 1997 ya gabatar da lacca. Maimakon ya faɗi ra'ayinsa, sai ya karanta labarin wata tsohuwar marubuciya 'yar Ostireliya, Elizabeth Costello, wadda aka gayyata wata jami'a ta yi lacca a kan yadda ɗan Adam yake mu'amala da dabbobi, har ta kwatanta mayanka da sansanonin kisan Nazi, kwatancin da ya fusata wasu a cikin labarin kansa. Ya dawo da ita a littattafan 2003 da 2005. Masanin falsafa Peter Singer, da aka nemi ya yi martani, shi ma sai ya rubuta nasa a sigar labari, yana nuna cewa ba a san wanda za a kama da hujjar ba, matar ko wanda ya ƙirƙire ta. Masu kare Coetzee suna cewa ya yi haka ne domin ya nuna ra'ayi tare da mutumin da ke ɗauke da shi, da tsufanta da gajiyarta da ɗanta da ke jin kunyarta, abin da lacca ba ta iya nunawa. Ina tare da su, amma ba zan ce ƙorafin Singer banza ne ba.

Alhaji na Mile 12

Madalla, 'yata, ashe har a cikin masu digiri akwai wanda ya ga abin da na gani. Na sassauta a kan wanda yake yi wa kansa dariya, irin Samanja da matar nan mai cin tuffa, domin wannan da fatarsa yake biya. A kan wanda aka kira ya faɗi ra'ayinsa ya turo tsohuwa ta faɗa masa, ina nan inda nake.

Maman Sadiq, Obalende

Na gode, Malam, na karɓi shawarar nisantawa, kuma a labarin da nake kai yanzu uwar mijin Laure ta rasu tun kafin auren, mai ƙirga naman ta koma gidan maƙwabciya. Amma raba Laure da ɗinki ko da Obalende ba zai yiwu ba, domin abin da na sani ke nan, ƙarar keke da ƙanshin sabon yadi da mai kayan da ke zuwa daren sallah tana kuka. Baban Ummi, ma'auninka zan gwada a babi na gaba. Akwai rigimar da Laure take yi da yarinyar da ke koyon ɗinki a wurinta a kan leshin da aka yanka ba daidai ba, kuma da na tsara yarinyar ce mai laifi. Zan mayar da almakashin hannun Laure, ta kuma ɗora wa yarinyar a gaban mai kaya, in ga ko masu turo mini saƙon yabo za su ci gaba da cewa ni ce ita.